ƘUNGIYAR DA BA TA DA SHUGABA, WA KE JUYA TA?

Daga Wakilinmu a Zariya

Duk wanda ya san Tudun Jukun, ko kuwa wata daga cikin unguwannin Zariya, ya san cewa da yawa daga cikin abubuwan da ke riƙe da zaman jama'a ba gwamnati ke yin su ba. Idan taransfoma ta ƙone, 'yan unguwa ne ke bi gida-gida su tara kuɗin gyara. Idan damina ta kawo jiki, samari ne ke fitowa da shebur da baro su yashe magudanun ruwa. Masu sintirin dare, da kwamitin maƙabarta, da adashin mata, da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan gari ɗaya, ba wata hukuma da ta kafa su. Jama'a ne suka ga bukata suka haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma fa akwai wata magana da akan ji ranar kafa irin waɗannan ƙungiyoyi, wadda ya kamata a tsaya a auna ta. Sai ka ji an ce, "Mu nan babu shugaba, babu sakatare, duk ɗaya muke." Masu faɗin haka da kyakkyawar niyya suke faɗi, don sun gaji da ganin shugabannin da suka mai da kujera gadon gidansu. Duk da haka, a ganinmu, ƙungiyar da ta ƙi naɗa shugaba a fili ba ta tsira daga shugabanci ba. Abin da kawai ta yi shi ne ta yarda a mulke ta a ɓoye, ta hannun mutanen da ba ta zaɓa ba, ba kuma ta da hanyar tuɓe su.

Ga yadda abin yakan faru. Tilas ne wani ya kira taro, to shi ne zai zaɓi rana da wuri, shi zai san wanda aka gaya wa da wanda aka manta da shi. Tilas ne kuɗi su kwana a hannun wani. Tilas ne wani ya je wajen mai unguwa ko ofishin 'yan sanda da sunan jama'a. Kafin a ankara, sai a ga mutum uku ko huɗu, abokan juna, waɗanda ke zama a majalisa ɗaya bayan sallar isha'i, sun gama yanke shawara tun kafin ranar taro. Sauran jama'a kuwa sai dai su zo su ce amin. Ɗan haya da baƙo da matar aure da ke cikin gida, ko da sun fi kowa ba da kuɗi, ba su da baki a wannan majalisa. Ran da kuɗi suka yi ɓatan dabo, in ka tambayi ɗayansu sai ya ce, "Ni wane ne? Ai ba ni da muƙami." Wato iko yana hannunsa, amma alhaki bai hau kansa ba.

Masana a wasu ƙasashe sun daɗe da lura da wannan. Cikin 1911 wani Bajamushe, Robert Michels, ya yi nazarin jam'iyyar ma'aikata ta Jamus, ya nuna cewa ko ƙungiyar da ta fi kowa da'awar daidaito takan koma hannun 'yan tsiraru. Cikin 1970 kuma wata Ba'amurkiya, Jo Freeman, ta duba ƙungiyoyin neman 'yancin mata na ƙasarsu, waɗanda suka ƙi yin shugabanni da gangan, ta ga cewa 'yan ƙawaye ne suka zama masu faɗa a ji, ba kuwa mai iya tuhumarsu tun da ba wanda ya naɗa su.

Amma mu ba sai mun je Turai ko Amurka neman wannan darasi ba, kakanninmu sun riga mu saninsa. A ƙasar Zazzau, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya ka sami sana'a ko taron jama'a wanda ba shi da sarauta: Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska, Sarkin Kasuwa, Sarkin Noma. Har yara ma suna da Sarkin Samari. Adashi yana da uwar adashi, wadda kowa ya san ita ke karɓar zubi, ita kuma za a riƙe in kwasa ta sami tangarɗa. M.G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau cikin 1949 da 1950, ya rubuta abubuwa da dama game da waɗannan tsare-tsare. Hikimar da ke ciki ita ce, in aka kira mutum da suna aka ɗora masa nauyi a bainar jama'a, to ya zama yana da fuskar da zai ji kunya da ita. Addininmu ma ya hore mu da cewa ko mutum uku ne suka kama hanyar tafiya, su shugabantar da ɗayansu.

To, kada mai karatu ya ɗauka cewa da an rarraba muƙamai shi ke nan magana ta ƙare. Tarihin garin nan ya isa ya gargaɗe mu. Cikin 1948 waɗansu 'yan boko a Zariya da Kaduna suka kafa ƙungiyoyin tattauna al'amuran Arewa, waɗanda suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. A babban taronta na Kaduna cikin Yuni 1949 aka zaɓi Dokta R.A.B. Dikko shugaba, Malam Abubakar Imam kuma ma'aji, ga su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano a ciki. A takarda, ƙungiya ta malaman makaranta da akawuna ce. Amma ƙarfin gaske a Arewa a wancan zamani yana hannun sarakuna da En'e, ƙungiyar kuwa ba ta iya yin gaban kanta ba tare da la'akari da su ba. Masu ra'ayin sauyi suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ba da daɗewa ba suka raba gari da ƙungiyar. Cikin Oktoba 1951 aka mai da ita jam'iyyar siyasa, ma'aikatan gwamnati irin su Dokta Dikko suka sauka daga muƙamansu, cikin 1954 kuma Sardaunan Sakkwato ya zama shugabanta. Ba muna yanke wa kowa hukunci ba ne. Abin lura shi ne, muƙami na takarda ba ya hana mai ƙarfi na bayan fage yin tasiri. Saboda haka ƙungiya mai hankali takan tambayi kanta: wa muke jin tsoron saɓa wa, ko da ba ya cikin kwamiti? In attajirin unguwa ne ko ɗan siyasa, gara a jawo shi fili a ba shi matsayin uban ƙungiya, a kuma faɗi iyakar ikonsa.

Haɗarin ya fi girma in ƙungiya ta riƙe makami. 'Yan sa-kai na Zamfara sun taso ne don kare ƙauyukansu daga ɓarayin shanu, amma da yake ba a san wanda ke ba da umurni ba, balle wanda zai amsa laifi, sai aka yi ta zarginsu da kashe mutane ba tare da shari'a ba, har gwamnatin jihar ta haramta su cikin 2019. Da Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma cikin 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawa cikin 2024, abin da suka fara yi shi ne rubuta sunaye da ba da horo da naɗa kwamandoji. Masu sintirin unguwanninmu ba su kai can ba, Allah ya kiyaye, amma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce rubuce-rubuce da zaɓe suna kashe zumunci, suna kuma jawo neman girma. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Taron gayya na yini ɗaya ba ya bukatar tsarin mulki, ba kuma lalle ne kowace ƙungiya ta garzaya Hukumar Rajistar Kamfanoni ba. Amma da zarar kuɗin jama'a sun fara kwana a hannun mutum, ko an fara magana da hukuma da sunan unguwa, to zumuncin ne kansa ke bukatar kariya, don ba abin da ke raba 'yan'uwa kamar zargin da ba a iya tabbatarwa ba a kuma iya wankewa.

Abin da ake bukata bai wuce shafi ɗaya ba. A zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji a gaban kowa, a ƙayyade musu wa'adi. Kada mai karɓar kuɗi ya zama shi ne mai ba da izinin kashe su. A karanta lissafin shiga da fita a kowane taro, a liƙa shi inda kowa zai gani. A sanar da ranar taro da wuri, a nemi hanyar jin ra'ayin mata da 'yan haya. Daɗin daɗawa, a rubuta yadda za a sauke shugaba tun ana ɗasawa, kafin ranar ɓacin rai.

Kira na musamman ga ma'aikata da ɗalibai, ku da kuka iya riƙe alƙalami da littafin lissafi. Ku ne kuka fi kowa iya taimaka wa unguwanninku da wannan aiki, ku ne kuma kuka fi kowa saukin zama 'yan majalisar bayan fage, tun da takardu a hannunku suke. Ku rubuta da Hausa, ku karanta wa jama'a da babbar murya, ku koya wa na bayanku, in wa'adi ya cika ku sauka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu dace, amin.