Ka biya kuɗin taki, ka wayi gari kanti a rufe: wa zai biya ka?

Ya Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka in yi magana a kan wata asara da ke cin manoman arewacin Kano, wadda ba fari ne ke kawo ta ba, ba kuma ambaliya ba. Asarar mutumin da ya biya kuɗin kaya tun kafin ya karɓa ce, aka sa masa rana, ranar ta zo ya tarar da kwaɗo a ƙofar kanti.

A yankinmu, daga Ɗambatta da Makoɗa zuwa Bichi, Tsanyawa da Dawakin Tofa, gona a jikin gona take, ba mu da filin da za mu bari ya huta. Ƙasar da ake nomawa kowace damina kuwa ba ta yin abin kirki sai da taki. Shi ya sa da kaka ta yi, manomi kan sayar da gyaɗa ko wake ko rago, ya kai wa dilan taki kuɗin buhunan kamfa da yuriya, a kan zai ɗauka idan ruwa ya kusa sauka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, Naira kuma ta faɗi, wannan al'ada ta ƙara ƙarfi, domin kowa na gudun farashin gobe. Masu noman rani a Watari da Tomas suna ba da kafin alƙalami a kan injin ban-ruwa mai aiki da sola. Uwa tana zuba kuɗin gado da katifar 'yarta wurin mai kayan ɗaki kaɗan-kaɗan. Duk waɗannan mutane masu bin bashi ne, ko da ba su ɗauki kansu a haka ba.

Ba na cewa duk wanda ya rufe kanti macuci ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 da ambaliyar Kantin Kwari ta watan Agusta 2022 sun durƙusar da mutanen kirki, kuma idan babban dila a birni ya karye, ƙaramin da ke sari a wurinsa a ƙauye yakan bi shi. Ko kantin Shoprite, da girmansa, ya rufe reshensa na Kano a Janairun 2024. Rufe kanti ba baƙon abu ba ne a kasuwanci. Abin tambaya shi ne me ya rage a hannun wanda ya riga ya biya.

Amsar ta danganta da hanyar da aka bi aka biya, kuma nan ne yawancinmu ba mu da labari. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin Naira, mutanen karkara suka rungumi kati da taransifa. A idonmu duk ɗaya ne, tunda alat yana shigowa. A wurin banki kuwa hanyoyi uku ne mabambanta.

Ta farko, ka tura kuɗi ta taransifa zuwa asusun mai kanti, ko na ɗansa, ko na yaron shagonsa. Da zarar kuɗin ya shiga, banki ya gama aikin da ka sa shi, kuma ba zai ciro maka shi daga asusun wani ba don kawai kaya ba su zo ba. Ta biyu, ka miƙa katinka ga mai POS na bakin kasuwa, ya ba ka tsabar kuɗi ko ya tura wa mai kantin. A rubuce, cinikin da ka yi da mai POS ne, shi kuwa ya cika nasa. Ta uku, ka saka katinka a na'urar kantin kansa, rasit ya fito da sunan kantin. Wannan ta ukun ce kaɗai ke da ƙofar dawowa.

Dalili kuwa shi ne kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da ƙa'idar janyo kuɗi baya idan an biya ba a kawo kaya ba. Mai kati zai kai ƙorafi bankinsa, bankin ya nemi kuɗin daga bankin da ya ba mai kanti na'ura. Ko kantin ya rufe, wancan bankin yana nan, kuma shi zai amsa. Galibi wa'adin kwana 120 ne daga ranar ciniki ko ranar da aka yi alkawarin kawo kaya. Sai dai wannan ƙa'idar kamfanonin kati ce, ba dokar majalisa ba, kuma sai da hujja a hannu.

Wasu ƙasashe sun wuce nan. A Birtaniya, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ce idan mutum ya sayi kaya da katin bashi, wato katin da banki ke biya maka ka biya shi daga baya, kuma kuɗin kayan ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, to banki da mai kanti alhaki ɗaya suka ɗauka. Ko kafin alƙalami kawai aka biya da katin, banki ne zai biya asarar idan kanti ya karye. Da kamfanin tafiye-tafiye na Thomas Cook ya rushe a Satumbar 2019, wannan na cikin hanyoyin da mutane suka bi suka karɓi kuɗinsu. A Amurka ma wata doka ta 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 ya ƙalubalanci kuɗin kayan da ba a kawo masa ba. Hikimar a fili take: banki ya fi talaka hanyar sanin ɗan kasuwar da yake hulɗa da shi, ya kuma fi shi ƙarfin ɗaukar asara.

Mu a nan katin bashi bai kai ƙauye ba, abin da ke aljihunmu katin cirar kuɗi ne. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙoƙi, har da na fasa odar da ya yi tun da wuri. Amma haƙƙin a wuyan mai kanti yake, kuma wanda jarinsa ya ƙare ba shi da abin ba ka. Umarnin da Babban Bankin Najeriya ya bayar a Yunin 2020, cewa a warware matsalar POS cikin awa 72, ya fi amfanar wanda aka cire wa kuɗi ciniki bai tafi ba. Idan banki ne ya rushe, hukumar NDIC tana biyan mai ajiya har Naira miliyan 5, kamar yadda aka gani bayan soke lasisin Heritage Bank a Yunin 2024. Wanda ya ajiye kuɗin takinsa a wurin dila ba shi da irin wannan inshora.

Duk da haka kada wanda abin ya shafa ya naɗe hannu ya ce ƙaddara ce kawai. Yawancin kantunanmu na mutum ɗaya ne, ba kamfani mai iyakantaccen alhaki ba. A doka, bashin irin wannan kanti bashin mai shi ne, yana bin sa har gida ko an cire allon kantin. Idan kuwa kamfani ne mai rajista, dokar kamfanoni ta 2020 ta sa masu jingina da haƙƙin ma'aikata da haraji a gaba, mai kafin alƙalami yana sahun ƙarshe, saboda haka sai ya gaggauta kai takardunsa wurin wanda aka naɗa ya raba kadarorin.

Addininmu ma bai bar wannan babi a buɗe ba. Biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya nan gaba shi ne cinikin salam, kuma malamai sun sharɗanta a san nau'in kaya, a san awo, a san rana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A fiƙihun Malikiyya, idan bashi ya fi ƙarfin dukiyar mutum, alƙali yakan hana shi taɓa ta, ya raba wa masu bin sa gwargwadon abin da kowa ke bi. An kuma umarce mu da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci na gaskiya. Abin da ke faruwa a garuruwanmu ya saɓa wa wannan duka. Mai ƙarfi ko mai uwa a gindin murhu yakan riga kowa zuwa ya kwashe ragowar kaya, a bar bazawara da ƙaramin manomi da "sai haƙuri". Kunyar neman takarda daga wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci ita ke kai mu ga rigimar da ke raba zumunci.

Ga shawarata ga 'yan'uwana manoma. Kada ka ba da kuɗi mai nauyi sai da takarda mai ɗauke da sunan mai kanti, adadin buhu, nau'in kaya, ranar ɗauka da shaidu biyu, da boko ko da ajami. In da hali, biya rabi ka bar rabi sai ranar ɗauka, ko ka kwashe kayanka ka ajiye a gida. Idan da kati za ka biya, saka shi a na'urar kantin, ka duba sunan da ya fito, ka ɗauki hoton rasit da waya domin rubutunsa yana gogewa. Idan taransifa ce, ka ƙi asusun yaro ko na maƙwabci. Ranar da alkawari ya saɓa, ka je bankinka ka rubuta ƙorafi, ka karɓi lambar shaida. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. A gida kuma ka fara da sarkin kasuwa da mai unguwa da dagaci, ko Hisba, domin sulhu. In bai yiwu ba, akwai kotun shari'ar Musulunci, akwai kuma kotunan ƙananan basussuka da Jihar Kano ta buɗe a 2019, waɗanda aka tsara su gama shari'a cikin kwana 60, ba lallai sai da lauya ba.

Ga hukuma kuma ina da buƙatu uku. Na farko, a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP don yaɗa sayen kaya a kan bashi. Tunda ana kiran talaka ya shigo wannan tsari, wakilanmu a Majalisar Tarayya su nemi doka da za ta ɗora wa mai ba da bashin alhaki tare da mai kanti, don kada ma'aikaci ko manomi ya yi ta biyan kuɗin sola ko babur ɗin da bai taɓa gani ba. Na biyu, Babban Banki ya tilasta wa bankuna da kamfanonin POS su bayyana hanyar janyo kuɗi da Hausa, a rediyo da kuma jikin rumfunan wakilansu, har da yadda abin yake ga masu katin Verve da AfriGo. Na uku, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano ta riƙa kafa teburin karɓar ƙorafi a kasuwannin ƙananan hukumomi ranar da suke ci, ta kuma haɗa kai da ƙungiyoyin dilolin taki su riƙa rubuta duk kafin alƙalamin da ɗansu ya karɓa, su tsaya masa idan ya gaza.

Ya Edita, ina roƙon wakilanku su zagaya kasuwanninmu su ji daga bakin waɗanda abin ya shafa, su kuma tambayi bankuna ƙorafi nawa irin wannan suka karɓa, nawa suka biya. Limamanmu su ma su taɓo batun rubuta bashi a huɗuba kafin lokacin sayen taki. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya rufa wa mai saye da mai sayarwa asiri.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani manomi daga ƙaramar hukumar Ɗambatta, Jihar Kano.