Filin Lafiyar Iyali: Yaron da Wuyansa Bai Tsaya Ba

A garuruwa da rugage ana samun yaron da ya kai wata 6 wuyansa bai tsaya ba, ko ya cika shekara bai iya zama ba. Wani jikinsa a sanƙare yake, ƙafafu na harɗewa. Wani kuma jikinsa laɓo-laɓo. Mutane sukan ce ɗan ruwa ne, ko aikin iskoki ne. Ba haka ba ne. Rauni ne ya samu ƙwaƙwalwarsa, ita kuwa ƙwaƙwalwa ita ke ba gaɓoɓi umurni.

Raunin yakan faru tun yaro na ciki, ko wajen doguwar naƙuda idan jariri ya daɗe bai yi kuka ba. Haihuwar bakwaini na kawo shi. Haka ma shawara mai tsanani a kwanakin farko, da sanƙarau, da masassarar da ta taɓa ƙwaƙwalwa. Cikin jarirai 1000 da aka haifa a duniya, kamar 2 ko 3 na da shi. Ba laifin uwa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Babu allura ko saiwar da ke warkar da wannan rauni. Tsaga da lalas wahala kawai suke ƙara wa yaro. Amma raunin ba ya ƙaruwa. Abin da ke lalacewa shi ne jikin da aka yasar a tabarma. Saboda haka babban magani yana hannun mutanen gida.

Wajen ci

Kada a yi masa ɗura, kada a ba shi abinci yana kwance. Abincin na iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, ya kawo ciwon da ke kisa. Uwa ta zaunar da shi a cinyarta, bayansa a miƙe, kansa ya ɗan sunkuyo gaba. Kunu mai kauri ya fi tsararo sauƙin haɗiya. A zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, ko madarar da aka tafasa. A ba shi da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini. Bayan ya ci, ya zauna kamar rabin awa kafin a kwantar da shi.

Wajen zama da kwanciya

Yaron da ba ya iya juyawa, a juya shi duk bayan awa 2, don kada bayansa ya yi gyambo. Da rana a kifa shi a kan kirji na ɗan lokaci, a sa naɗaɗɗen zane ƙarƙashin hamatarsa, mutum na kusa da shi. Wannan na koya masa ɗaga kai. A zaunar da shi cikin kwando ko babbar tasa, a tokare shi da tsummoki. Goyo ma na da amfani, domin yana buɗe ƙafafun da ke harɗewa.

Safe da marece, bayan wanka da ruwan ɗumi, a miƙe masa hannuwa da ƙafafu, a lanƙwasa su sannu-sannu. Ban da fizga. Inda ya ji zafi a dakata.

Idan yana jijjiga

Waɗansu daga cikinsu na da farfaɗiya. Idan ta tashi, a kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa kome a baki. A nisanta shi da murhu da rijiya. Akwai maganinta a gidan likita, kuma kullum ake shansa.

Kada a ɓoye shi

Da yawa daga cikin yaran nan hankalinsu garau yake, baki ne kawai ya yi nauyi. A fito da shi tsakar gida cikin ƴan uwansa. A kira sunansa, a yi masa hira, a jira amsarsa ko da ta ido ce.

Aikin ya fi ƙarfin uwa ita kaɗai. Maigida da kaka da yayye, kowa ya karɓi nasa rabo. A kai shi awo da rigakafi kamar kowane yaro, a kuma tambayi likita inda ake koya wa iyaye motsa gaɓoɓi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon abin da yaron zai iya yi wa kansa.