Yadda Aka Yi Wa Manhajata Gyara A Ƙungiyar Masu Tsofaffin Kwamfutoci

A makon jiya na zauna duba ayyukan kammala karatu na ɗalibaina, sai na iske na rubuta "sake duba" a gefen shafi har sau goma sha ɗaya, ba tare da na faɗa wa yaron abin da zai duba ba. Da na lura da haka sai na ajiye biro, domin na tuna da mutanen da suka koya mini gyara, kuma na san da sun ga wannan aiki nawa da ba su yaba ba.

Lokacin da nake karatun digirin digirgir a Ingila, wani abokin karatu ya ja ni zuwa wata ƙungiya da ke taruwa sau ɗaya a wata a zauren unguwa. Yawancin 'yan ƙungiyar dattawa ne masu ritaya. Kowa yakan zo da tsohuwar kwamfutarsa a kwali, wani da Commodore 64, wani da BBC Micro, wani da ZX Spectrum, ya jona ta da ƙaramin talabijin da rikodar kaset. Ita Spectrum kamfanin Sinclair ne ya fito da ita a 1982, kuma babbarta kilobait 48 ne ƙwaƙwalwarta, wato ko hoto guda na wayar da ke aljihunka ba za ta iya ɗauka ba. Ana jiran mintuna kafin manhaja ta gama shiga daga kaset. Duk da haka mutanen nan suna rubuta mata sababbin manhajoji, su kawo a gwada a gaban kowa.

Bayan 'yan watanni sai ni ma na kawo tawa. Na rubuta ta da harshen BASIC, don koya wa yara rubuta kalmomin Hausa. Spectrum ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, amma tana ba mutum damar zana haruffa 21 na kansa, kowanne cikin murabba'i mai ɗigo takwas a tsaye, takwas a kwance. Da wannan na zana haruffanmu masu lanƙwasa. Na zo ina jin kaina, ina jiran tafi.

Dattijon da ya fara zama bai rubuta komai ba. Da manhajar ta nemi amsa, sai kawai ya danna maɓallin shigarwa, nan take ta tsaya cak. Ya ce mini yaro zai yi haka cikin minti na farko, ya nuna mini layin da na umarci kwamfuta ta karanta harafin farko na amsar da babu ita, ya kuma faɗi layi ɗaya da zan ƙara. Sai wata dattijuwa da ba ta jin kalmar Hausa ko ɗaya ta ja baya taku uku daga talabijin, ta ce ita ba ta ga bambancin k da ƙ ba. Na bayyana mata cewa da wannan lanƙwasa ake raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa. Ta ce to lallai aikin bai yi ba tukuna, tunda abin da aka gina manhajar dominsa shi ne ba ya ganuwa. Ta ɗauko takarda mai gida-gida, muka sake zana harafin tare. Na uku ya lura cewa manhajar tana jan ƙafa. Ya bayyana mini cewa BASIC na Spectrum yakan fara neman lambar layi tun daga farkon manhaja duk lokacin da aka tura shi wani wuri, ni kuwa na ajiye sassan da aka fi kira a can ƙarshe. Na mayar da su sama, saurin ya ƙaru.

Ba zan ɓoye ba, raina ya sosu a daren. Amma da na koma ɗaki na duba takardata, sai na ga gyara uku, kowanne da wurinsa da dalilinsa da maganinsa. Babu wanda ya tambayi takardun karatuna, babu kuma wanda ya taɓa mutuncina.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi. A ranar 5 ga Maris 1975 aka yi zaman farko na ƙungiyar Homebrew a garejin Gordon French da ke Menlo Park a jihar Kalifoniya ta Amurka, watanni kaɗan bayan fitowar kwamfutar Altair 8800. A can Steve Wozniak ya nuna na'urar da ta zama Apple I, yana raba zanen haɗinta kyauta. A 1975 ɗin ne Dennis Allison ya wallafa tsarin wani ƙaramin BASIC, masu karatu suka yi ta aiko da nasu da gyare-gyarensu, har abin ya haifar da mujallar Dr. Dobb's a 1976. Li-Chen Wang ya rubuta nasa a shekarar, kuma da Roger Rauskolb ya yi masa kwaskwarima ya sake wallafawa, bai goge sunan Wang ba, nasa ya ƙara. Daga baya mujallun Ingila da Amurka suka riƙa buga manhajoji a shafukansu, mai karatu ya kwafe da hannu layi bayan layi. Kuskuren harafi ɗaya yakan tsayar da komai, saboda haka wasiƙun gyara suka zama ruwan dare.

Ba na cewa waɗannan mutane waliyyai ne. Daga cikin masu wannan sha'awa aka samu waɗanda suka yi ta kwafar BASIC na Altair ba tare da biya ba, har Bill Gates ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa a farkon 1976 yana zarginsu da sata. A ƙungiyar da na zauna ma akwai masu gardamar da ba ta ƙarewa a kan wace kwamfuta ta fi wata, akwai kuma mai gyaran da so yake kawai a san ya sani. Abin da ya hana irin waɗannan ɓata taron shi ne kwamfutar tana kunne a gaban kowa. Duk wanda ya yi da'awa, sai a ce ga allon rubutu, ya nuna.

Mu a nan gida gyaranmu iri biyu ne, kuma duka biyun suna cutar da ɗalibi. Ko dai a zauren kare kundi a tozarta yaro har ya manta sunansa, ko kuma a sa hannu a wuce da shi don kada a ɓata wa malaminsa rai. Sakamakon shi ne ɗalibi ya zo da manhaja mai dubban layuka da ya saya ko ya kwaso, ba wanda ya kunna ta, shi ma bai san abin da ke ciki ba. Ya fita da shaida, ya shiga banki ko asibiti ko ma'aikata, inda kuskuren da ba a kama ba zai taɓa kuɗin mutane ko lafiyarsu. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma mun mayar da kowane gyara faɗa, shi ya sa muke gudunsa.

Shawarata ga abokan aikina mai sauƙi ce, ba ta kuma buƙatar kasafi. Akwai manhajoji na kyauta irin su Fuse da VICE da ke kwaikwayon Spectrum da Commodore 64 a kan kwamfutar zamani. A sa ɗalibai su rubuta abin da bai wuce layi hamsin ba, wanda kowa zai iya karantawa a zama ɗaya. A kunna shi a gaban aji. Mai gyara ya faɗi abin da ya danna, da abin da ya zata zai faru, da abin da ya faru. Mai aiki ya saurara, ya rubuta, ya dawo mako mai zuwa da gyararre, ya kuma ambaci sunan wanda ya taimaka masa.

Ni dai na ɗauko kundin nan na goge "sake duba" ɗin nan goma sha ɗaya, na rubuta shafi da layi da dalili a madadin kowanne. Ya ci mini yini guda, kuma haƙƙin yaron ne. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.