A Dawo Mana Da Malamin Gona Da Malamin Daji A Birnin Gwari

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in tofa albarkacin bakina kan maganar da muke yawan ji a rediyo, wai za a rage dogaro da man fetur a koma noma da ma'adinai.

Tun faɗuwar farashin mai a 2014 ake ta wannan waƙa. To mu a Birnin Gwari duk abin da ake lissafawa Allah Ya ba mu: ga masara, ga dabbobi, ga zinariya, ga gandun dajin Kamuku da ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1999. Abin da muka rasa shi ne ma'aikacin hukuma da ya san aikinsa, wanda zai tsaya a kansu.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, kuma na ga abin takaici da idona. A shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin nan, sun san gonar kowa, sun san buhu nawa za ta bayar, sukan yanka wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi, kuma su karɓa ba fashi. Amma ka shiga ofis ka tambayi yawan masarar da ta fita daga Kuyello ko Dogon Dawa a kaka guda, sai dai a bi ka da kallo. Haba jama'a! Yaya za a ce ɓarawo ya fi mai gida sanin kayan ɗakinsa?

Iyayenmu kan ce zamanin En'e akwai malamin gona, akwai malamin daji da na dabbobi, kowa da kekensa da littafinsa, ƙauye-ƙauye suke bi.

Zinariya kuwa, doka ta ce ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, lasisi sai Abuja. A 2020 mun ga an nuna wa Shugaba Buhari curin zinariya mai nauyin kilo 12.5 da Babban Banki ya saya, aka ce daga ƙananan masu haƙa ta fito. Mun yi murna. Amma ni dai har yau ban ga inda yaron da ya wuni a rami zai kai tasa a auna masa da ma'aunin hukuma ba, sai abin da dillali ya ga dama ya ba shi.

Mun gode wa Gwamna Uba Sani da ya buɗe kasuwar kara a watan Nuwamba na 2024 bayan sulhu. Saura aiki. Muna roƙon a ɗauki yaranmu da suka gama makaranta, a koya musu aikin gona, na daji da awon zinariya, a ba su babura, a riƙa biyansu albashi kan lokaci. Kuɗin da ake karɓa a kasuwa kuma a ba mu rasit, a liƙa lissafinsa a bakin sakatariya duk ƙarshen wata mu gani.

Wassalam.

Mai karanta ku kullum,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Birnin Gwari, Jihar Kaduna.