Toni Morrison: ba a rufe rana da tafin hannu

An haifi Toni Morrison a shekara ta 1931 a garin Lorain, cikin jahar Ohio ta ƙasar Amurka. Baƙar fata ce, ƴar talakawa. Ta yi karatu a jami'o'in Howard da Cornell, ta koyar, sannan ta kama aikin gyaran littattafai a kamfanin Random House. Tana renon ƴaƴanta biyu ita kaɗai, sai ta riƙa tashi tun kafin asuba domin ta yi rubutu. Littafinta na farko, The Bluest Eye, ya fito a 1970, tana da shekara 39. Labarin wata yarinya baƙa ne, wadda raini ya sa ta roƙon Allah ya ba ta shuɗin ido irin na Turawa.

A 1987 ta fitar da Beloved. Tushensa abu ne da ya auku a 1856: wata baiwa, Margaret Garner, ta tsere daga Kentucky zuwa Ohio, da aka cim mata sai ta kashe ɗiyarta don kada a maida ta cikin bauta. Littafin ya samu lambar Pulitzer a 1988. A 1993 kuma aka ba Morrison lambar Nobel, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu wannan daraja a fannin adabi. Ta rasu a 2019.

Duk da haka, a 2021 da 2022 The Bluest Eye na cikin littattafai goma da aka fi neman a janye daga makarantu da ɗakunan karatu na Amurka. Masu wannan kira suna cewa akwai fyaɗe a ciki, abin da bai dace da yara ba. Lalle uwaye suna da haƙƙin kula da abin da ƴaƴansu ke karantawa, kuma kowane littafi da shekarun da ya dace da su. Amma tsara shekaru daban, kulle littafi daban. Morrison ba ta ƙago bauta ba, ba ta ƙago wariyar launin fata ba. Ta ba waɗanda aka zalunta suna da murya ne, tun da takardun iyayengijinsu farashinsu kawai suka rubuta.

A ganinmu, ɗalibin da ya kai munzali ya cancanci ya karanta waɗannan littattafai tare da malamin da zai yi masa bayani. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ƙasar da ta ɓoye wa matasanta tarihinta ba ta kare su daga komi ba.