Gaban Hasumiya, Ina Ne?

Abokai biyu ƴan Nijar masu karatu a Paris sun yi alkawarin haɗuwa a tashar Châtelet, inda layuka biyar na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, suke ratsawa. Ɗayansu Badamagare ne da bai daɗe da zuwa ba, ɗayan kuwa a can ya tashi, Faransanci ya fi zama a bakinsa. Badamagaren ya ce: "In ka fito bakin metro, ka same ni gaban hasumiyar nan mai feshin ruwa da ke tsakiyar dandali." Ɗan birni ya fito ya tsaya tsakanin ƙofa da hasumiya. Shi kuwa mai kwatancen ya wuce ta, ya tsaya a wancan ɓangare. Salularsa ba caji, gindin hasumiya ya shiga tsakaninsu, suka share rabin awa kowa na ganin ɗan'uwansa ya saɓa alkawari.

Da suka haɗu sai gardama ta tashi cikin raha. "Haba aboki, ai bayanta ka je ka ɓuya!" in ji ɗan birni. Badamagare ya amsa: "To in mutum ya wuce abu, ba gaba ya yi ba?"

Gaskiyar magana, babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Hasumiya ba ta da fuska ba ta da ƙeya, mai magana ne ke ara mata su. Mai jin Faransanci ko Ingilishi yakan ɗauka abin yana fuskantarsa, saboda haka gabansa shi ne ɓangaren da ke kusa. Bahaushe kuwa sau da yawa yakan ɗauka abin ya sa gaba inda shi ma ya sa gaba, kamar mutane a sahun salla, don haka gaba shi ne wancan ɓangare. Masanin harshe Clifford Hill ya bayyana wannan bambanci a nazarin da ya wallafa a 1982, inda ya kwatanta Hausa da Ingilishi. Ya kuma lura cewa idan abin ya ɓoye wa ido, Bahaushe ma yakan ce yana baya.

Abin takaici shi ne, idan aka yi irin wannan saɓani, Bahaushe ake ɗora wa laifin rashin iya kwatance, alhali tsarinsa cikakke ne mai ƙa'ida. A dandalin Châtelet rabin awa kawai aka yi asara. Amma a kotu, inda shaida zai ce ya ga yaro a gaban itace lokacin da mota ta kwace, tafinta da ya maida kalmar zuwa Faransanci kai tsaye yana iya ɗauke yaron daga wannan gefe ya kai shi wancan, hukunci ya sauya.

Don haka ya kamata sassan nazarin harsuna su sa wannan batu cikin darussan fassara, a koya wa ɗalibi ya tambayi mai magana inda yake tsaye da inda ya fuskanta kafin ya fassara "gaba" ko "baya". Matambayi ba ya ɓata. Su dai abokan nan, tun ranar lambar ƙofa suke faɗa wa juna.