Wayar da ba ta ɗaukar zafi: ina Gwallaga a wannan bincike?

Duk mai walda a Gwallaga, cikin garin Bauchi, ya san waya tana yin zafi idan lodi ya yi mata yawa. Zafin nan wuta ce da aka biya kuɗinta ta salwanta a hanya, domin ƙwayoyin ilektoron suna cin karo da turjiya a cikin ƙarfe.

A 1911 Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden cewa zaiba tana rasa turjiyar gaba ɗaya a sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. A 1986 Bednorz da Müller na kamfanin IBM a Zurich suka ga haka a haɗin jan ƙarfe da iskar oksijin, abin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1987. A shekarar ce aka samu haɗin da ke aiki a digiri 180 ƙasa da sifiri, sanyin da ruwan naitirojin mai araha ke iya samarwa.

Har yau masana ba su daddale kan dalili ba. A ƙarafa na yau da kullum, ilektoron ɗin da ke ɗaukar wuta su ne ke ɗaukar zafi, bisa ƙa'idar Wiedemann da Franz ta 1853. A 2001 ayarin Louis Taillefer a Kanada ya ba da rahoton cewa wani haɗin jan ƙarfe ya saɓa wa ƙa'idar. Shi ya sa ake auna tafiyar zafi: ita ke tona halin ilektoron.

Birnin Essen na Jamus ya shimfiɗa irin wannan waya mai tsawon kilomita ɗaya a 2014, amma sai da injin sanyi da ba ya tsayawa. Ƙasar da arewacinta ya kwana cikin duhu na kwanaki a Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ba ta kai nan ba tukuna.

Darasi ga masu rubuta wa ministoci takardun shawara biyu ne. Na farko, hattara da ɗoki: a 2023 an yi ta yayata LK-99 daga Koriya ta Kudu, cikin makonni gwaji ya ƙaryata shi. Na biyu, kuɗin yau na taransifoma ne, da wayoyi masu kauri, da tsaron turakun TCN. Sai dai a ware wani kaso ta hannun TETFund ga ɗakunan gwajin fiziks irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Idan fasahar ta nuna, ƙasar da ba ta horar da masu auna ta ba, duk abin da ɗan kwangila ya faɗa shi za ta saya.